Sukarin da Ke Zare Sakata: Yadda Bakteriya Ke Sanin Abin da Ke Gabanta

A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, idan aka kawo samfurin fitsari ko na bayan gida, akwai wani faranti da hannun ma'aikaci ya saba kai wa. Ɗan faranti ne mai murfi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, an zuba masa wani abu ja-ja da ya daskare kamar kwanannen koko. Ana ce masa MacConkey, sunan masanin Ingila da ya haɗa shi a farkon ƙarni na 20. Ma'aikacin zai ƙona bakin wata 'yar waya a wuta, ya bari ta huce, ya dangwalo samfurin, ya ja layi-layi a kan farantin, sannan ya kifa shi a akwatin ɗumi mai maki 37, daidai da zafin jikin mutum. Kashegari da safe sai a tarar ɗige-ɗige sun tsiro a kan layukan, kowane ɗigo tarin miliyoyin bakteriya ne da suka fito daga guda ɗaya. Wasu ɗigon sun rine sun yi ruwan hoda sosai. Wasu kuwa sun fito a koɗe, ba launi.

Sukarin madara ne ya raba su, wanda masana ke kira laktos. An zuba shi a cikin farantin tare da wani rini da ke sauya launi in ya ji tsami. Bakteriyar da ta iya cin laktos tana fitar da tsami, sai ɗigonta ya rine. Haka Escherichia coli take yi, wadda ake taƙaita sunanta da E. coli, mazauniyar hanjin kowannenmu. Salmonella mai kawo zazzaɓin taifot da Shigella mai kawo atini ba su iya ba, shi ya sa suke fitowa a koɗe, kuma su ne idon ma'aikacin ke nema.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki game da wannan ɗigo mai ruwan hoda shi ne, E. coli ɗin da ta yi shi ba ta zo da kayan cin laktos a hannu ba. Da umarnin ƙera su kawai ta zo, a rubuce, a kulle. Sai da ta faɗo kan sukarin sannan aka buɗe. To wa ya gaya mata? Halitta ce da ba ta da ido, ba ta da harshe, ba ta da ƙwaƙwalwa, tsawonta bai fi a jera 500 su cike milimita ɗaya ba.

Kafin a kai ga amsa sai an san dalilin kullewar tun farko. Zaren DNA na E. coli, wanda aka gama karanta shi kaf a 1997, yana da haruffa kusan miliyan 4.6, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 4,000. Kowace ƙwayar gado umarni ce ta ƙera wani furotin, furotin kuwa su ne ma'aikatan cikin gida: wannan yana shigo da abinci ta bango, wancan yana farfasa shi, wani yana gina sabon bango. Ba a ƙera furotin kai tsaye daga DNA. Akwai wani babban enzayim, wato irin furotin ɗin nan ma'aikaci, bari mu kira shi magatakarda, da ke bin zaren yana kwafe umarnin a kan wata takardar aike mai suna RNA. Takardar sai ta faɗa hannun ribosom, maƙerar da ke jera tubalan da ake kira amino asid ɗaya bayan ɗaya har furotin ya kammala. Aikin nan yana da tsada ƙwarai. Kowane tubali da aka ɗora sai an biya shi da makamashi, kuma ƙera furotin ne ke lashe kaso mafi tsoka na ƙarfin bakteriyar da ke girma. Enzayim ɗin da ke fasa laktos, mai suna beta-galaktosides, sarƙoƙi huɗu ne a haɗe, kowace sarƙa tana da tubala sama da 1,000.

A wurin da abinci ya wadata, E. coli tana rabuwa biyu cikin minti 20. A irin wannan tsere, wadda ta ɓata ko da kaɗan daga ƙarfinta wajen ƙera kayan da ba a buƙata za ta ɗan yi nawa, kuma kafin a yi 'yan kwanaki zuriyar maƙwabciyarta mai tattali ta mamaye wurin. Ga shi kuma cikin hanji ba tabbas: yau madara, gobe hatsi, jibi yunwa. Tilas ta riƙe umarnin komai, tilas kuma kada ta aiwatar da komai sai lokacinsa ya yi.

Mutumin da ya fara cin karo da alamar wannan tsari shi ne Jacques Monod, a birnin Paris, daidai lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Faransa. Yana aikin digirinsa na uku ne, wanda ya kammala a 1941, kuma aikin ba wani mai ƙyalli ba ne. Yana zuba bakteriya a ruwa mai sukari, yana auna yadda ruwan ke ƙara gurɓacewa awa bayan awa, domin gurɓacewar ce ke nuna yawansu. Da ya haɗa sukari iri biyu a kwalba ɗaya, wasu haɗe-haɗen ba su nuna komai ba. Amma a wasu, layin girman da yake zanawa sai ya hau, ya tsaya cik na wani lokaci, sannan ya sake hawa. Da ya sauya yawan kowane sukari, sai ya ga tsayin hawan farko yana bin yawan ɗaya daga cikinsu, gulukos, na biyu kuma yana bin yawan ɗaya sukarin. Ashe ba tare suke cin su ba. Sai sun cinye gulukos ƙarƙaf, su dakata, sannan su juya ga na biyun. Ya raɗa wa abin suna diyoksi, daga kalmomin Girkanci masu nufin girma sau biyu. Da ya nuna wa André Lwoff na Cibiyar Pasteur, Lwoff ya ce masa wataƙila abin da ake kira sabo na enzayim ne, wato yadda enzayim ke bayyana in an saba wa halitta da wani abinci. Monod ya shafe shekaru ashirin yana bin diddigin wannan ɗan tsayawar da ke tsakiyar layi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bakteriya kam ranar tafiyar take fafe nata, tsayawar nan ita ce lokacin da take ƙera kayan cin laktos. Ta gwammace wannan ɗan jinkiri da ta riƙa ɗawainiya da goran da wataƙila ba za a taɓa tafiya da shi ba.

A wancan zamani masana da yawa sun ɗauka sukarin ne ke siffanta enzayim ɗin, kamar yadda ake zuba narkakken ƙarfe a mazubi ya ɗauki siffarsa. Monod da abokin aikinsa Melvin Cohn sun rushe wannan tunani a farkon shekarun 1950. Sun yi amfani da sinadarai masu kama da laktos da aka haɗa a ɗakin bincike, suka tarar akwai waɗanda ke sa bakteriya ta ƙera enzayim ɗin tuli alhali enzayim ɗin ba ya iya taɓa su, akwai kuma waɗanda enzayim ɗin ke fasawa amma ba sa tayar da ƙerarsa. Ke nan abin da ke jin zuwan sukari daban yake da abin da ke fasa shi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan sinadarai, IPTG, har yau yana cikin firij ɗin kusan kowane ɗakin binciken ƙwayoyin gado a duniya.

Sai François Jacob ya shigo. Shi ɗalibin likita ne da yaƙi ya katse wa karatu. Ya bi rundunar Faransa mai 'yanci, ya yi aikin jinya a yaƙe-yaƙen Fezzan da Tunisiya, sannan ya ji mummunan rauni a Normandi a 1944, raunin da ya hana shi zama likitan fiɗa. A Cibiyar Pasteur ya ƙware a kan yadda wata bakteriya ke miƙa wa 'yar'uwarta zaren DNA ta wata siririyar mahaɗa, ƙwayar gado bayan ƙwayar gado. Da wannan dabara shi da Monod da wani Ba'amurke, Arthur Pardee, suka yi gwajin da aka buga a 1959.

Gwajin ya cancanci a tsaya a kansa. Suna da wata bakteriya da ta lalace ta fuska biyu: ba ta da lafiyayyen umarnin ƙera enzayim ɗin, kuma wata ƙwayar gado da ke kusa da shi, wadda suka kira i, ita ma ta mutu. An riga an san cewa duk bakteriyar da i ɗinta ta mutu, in dai tana da umarnin, ƙera enzayim ɗin take yi dare da rana, ko da sukari ko babu. Sai suka sa lafiyayyar bakteriya ta miƙa mata duka biyun, umarnin da kuma i mai rai, a ruwan da babu ko ɗigon laktos. Cikin 'yan mintuna mai karɓar ta fara ƙera enzayim ɗin da dukkan ƙarfinta. Bayan kamar awa biyu sai ta daina, kuma daga nan ba ta sake yi sai an zuba mata sinadarin da ke tayar da shi.

Fassarar ita ce, umarnin ba ya buƙatar wanda zai tura shi, da kansa yake gudana in ba a tare shi ba. Ita i wani abu take ƙerawa mai tarewa, kuma a sabon gidan sai da aka ɗauki lokaci kafin abin ya taru ya rufe ƙofa. Suka kira shi rifresa, mai dannewa. Ni na fi son in kira shi sakata.

Ga yadda abin yake a yau, bayan an ga sassan ɗaya bayan ɗaya. A kan zaren akwai ƙwayoyin gado uku a jere. Ta farko, lacZ, ita ce umarnin enzayim ɗin da ke raba laktos gida biyu, gulukos da galaktos. Ta biyu, lacY, umarnin wani furotin ne da ke zama a bangon bakteriyar yana janyo laktos ciki. Ta uku, lacA, ƙaramin aiki gare ta, ba sai mun tsaya a kanta ba. Dukkansu mashiga ɗaya gare su, inda magatakarda ke hawa zaren, kuma a takarda ɗaya ake kwafe su. Wannan jeri mai mashiga ɗaya shi Jacob da Monod suka kira oferon, kuma sun shimfiɗa bayaninsa a wata doguwar maƙala a 1961. Dab da mashigar akwai wani ɗan wuri mai haruffa ashirin da 'yan kai. Siffar sakata ta dace da waɗannan haruffa kamar yadda murfi ke dacewa da tukunyarsa. In ta zauna a wurin, magatakarda ba ya samun damar fara aiki.

Sakatar tana da wani aljihu a gefe guda. In sukarin da ya dace ya faɗa aljihun, duk jikinta sai ya ɗan murɗe, hannuwan da take riƙe zaren da su su kauce daga inda suke, riƙon ya saki. Magatakarda ya wuce, takardu su fito, ribosom su hau kansu. Cikin minti biyu zuwa uku sabon enzayim ya fara bayyana, kuma yawansa yakan ninka kusan sau 1,000, daga 'yan ƙwayoyi da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba zuwa dubbai. In laktos ya ƙare, aljihun ya zama fanko, sakata ta koma siffarta ta dā ta sake kama zaren. Takardun da aka riga aka kwafa ba sa daɗewa, cikin 'yan mintuna ake yayyaga su, saboda haka ƙerar tana tsayawa kusan nan take. Wannan gajeren rai na takardar aike ba aibi ba ne a tsarin. Da takardun na daɗewa, da rufe ƙofa ba ya da amfani.

Babu mai lura a ciki, babu mai yanke shawara. Abincin da kansa ne ke zare sakatar da ta hana a ci shi.

Kwamitin Nobel ya ba Jacob da Monod da Lwoff kyautarsa a 1965, alhali a lokacin ba wanda ya taɓa riƙe sakatar a kwalba. Da hujjar gado kawai aka san da ita. Wahalar kamo ta ita ce ƙarancinta: kusan guda goma ne kacal a cikin bakteriya ɗaya, a tsakanin miliyoyin furotin. Walter Gilbert da Benno Müller-Hill ne suka kamo ta a Jami'ar Harvard a 1966, ta hanyar yi mata tarko da IPTG mai alamar da na'ura ke iya ganowa, suka tabbatar furotin ce. Daga baya aka gano wuraren zamanta uku ne a kan zaren, kuma tana iya kama biyu a lokaci guda ta lanƙwasa zaren ya zama zobe, abin da ke ƙara wa kullewar ƙarfi.

Akwai wani sarƙaƙƙen abu a nan da littattafan makaranta kan wuce da sauri, ni kuwa a ganina shi ne mafi kyawun ɓangaren labarin. Laktos ba ya ratsa bangon bakteriya da kansa, sai furotin ɗin lacY ya shigo da shi. Kuma ba laktos ɗin ne ainihin mai faɗawa aljihun sakata ba, wani ɗan'uwansa ne, alolaktos, wanda enzayim ɗin lacZ ke samarwa jefi-jefi in ya juya mahaɗar sukarin maimakon ya fasa ta. To in ƙofa a kulle take, babu lacY balle laktos ya shigo, babu lacZ balle a samu alolaktos, ta ina za a fara? Amsar ita ce sakatar ba ta riƙe zaren har abada. Lokaci-lokaci takan suɓuce na ɗan ƙiftawar ido, magatakarda ya yi wuf ya kwafi takarda ɗaya kafin ta dawo. Daga wannan yoyo ake samun 'yan ƙwayoyin nan da ke zaune a kowane lokaci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bakteriyar da sakatarta ta kulle gam, ba yoyo ko kaɗan, za ta iya zama cikin tafkin madara ba ta san da shi ba.

Wannan yoyo yana da wani sakamako da Aaron Novick da Milton Weiner suka nuna a 1957. In aka zuba sinadarin tayarwa ɗan kaɗan, ba kowace bakteriya ce ke buɗe ƙofarta rabi ba. Wasu suna buɗewa gaba ɗaya, wasu suna nan a rufe. Wadda ta yi sa'ar samun 'yan furotin na shigo da kaya za ta janyo sinadarin, sinadarin ya ƙara buɗe ƙofa, a ƙara ƙera masu janyowa, abin ya yi ta ciyar da kansa. Har 'ya'yanta suna gadar wannan hali, domin in ta rabu biyu kowace tana tafiya da rabonta na furotin ɗin. Bakteriya biyu, DNA iri ɗaya, ruwa ɗaya, amma kowace da abin da ta tuna.

Saura tambayar Monod ta asali: don me gulukos ke shiga gaba? Dalilin a fili yake, shi ne mafi sauƙin ci, kai tsaye yake shiga hanyar samar da makamashi. Yadda ake tabbatar da fifikon kuwa hanya biyu ce, kuma duka suna farawa daga ƙofar da gulukos ke shigowa. Bakteriya tana manna wa kowane gulukos wani guntun fosfet yana shigowa, kuma wani furotin ne ke miƙo fosfet ɗin. In gulukos na kwararowa, furotin ɗin kullum hannunsa fanko ne, domin da ya karɓa yake bayarwa. In gulukos ya yanke, fosfet ɗin ya tsaya a hannunsa. Ta haka furotin guda ya zama ma'aunin yawan gulukos. In hannunsa fanko ne, yakan je ya maƙale wa lacY ya hana shi shigo da laktos, sai sakata ta ci gaba da zamanta ko da laktos ya cika waje. In yana riƙe da fosfet kuwa, yakan zaburar da enzayim mai ƙera wani ƙaramin sinadari, cAMP, wanda shi ne kukan yunwa a cikin bakteriya. Shi cAMP yana haɗuwa da wani furotin mai suna CAP, su zauna kusa da mashiga, su tanƙwara zaren, su riƙo magatakarda ya zauna daram. Mashigar lac, wato ta jerin laktos, mai rauni ce, in babu wannan taimako ko an zare sakata kwafin ba ya yawa.

Shekaru da dama ana koyar da cewa cAMP ne kaɗai sirrin diyoksi. Binciken da aka yi a shekarun 1990, musamman a Japan, ya nuna cewa a haɗin gulukos da laktos, hana laktos shigowa ne ya fi tasiri. Duk da haka sharuɗɗan biyu suna nan: sai akwai laktos, sai kuma babu abin da ya fi shi.

Duk wannan game da abincin da ake farfasawa ne. Kayan da bakteriya ke ƙera wa kanta kuwa, tsarinsu a juye yake. Tiriftofan ɗaya ne daga amino asid ashirin, kuma shi ne mafi tsadar ƙerawa. E. coli tana da ƙwayoyin gado biyar a jere don haɗa shi. A nan sakatar ba ta iya kama zare ita kaɗai, sai tiriftofan ya shiga aljihunta sannan take samun siffar riƙo. In ya wadata a waje ƙofa ta rufe, in ya yi ƙaranci ta buɗe. Wannan kaɗai yana rage kwafi kusan sau 70.

Amma Charles Yanofsky na Jami'ar Stanford ya lura a shekarun 1970 cewa ko an kashe sakatar gaba ɗaya, bakteriyar ba ta daina jin yawan tiriftofan ba. Abin da ya tono a nan sai an bi shi sannu a hankali. Bakteriya ba ta da ɗaki na musamman da take ajiye DNA, saboda haka magatakarda yana cikin kwafi ribosom ke hawa bakin takardar ya biyo shi a baya, kamar mai shuka a bayan mai saran rami. A farkon takardar tiriftofan, kafin a kai ga ainihin umarnin, akwai wani ɗan gajeren saƙo na ƙera sarƙa mai tubala 14 kacal, wadda ba ta da wani aiki. A cikinta akwai wuri biyu a jere da ke neman tiriftofan. Gwaji ne. Takardar kuma a daidai nan tana da sassa huɗu masu iya manne wa juna, na biyu da na uku, ko na uku da na huɗu, amma ba duka a lokaci ɗaya ba. In tiriftofan ya wadata, ribosom yana wuce wuraren nan biyu ba tare da tsayawa ba, ya je ya danne sashe na biyu. Sai na uku ya manne da na huɗu, su yi wani ƙulli da ke tunkuɗe magatakarda daga kan zaren, kwafi ya mutu tun bai kai ko'ina ba. In kuwa tiriftofan ya yi ƙaranci, ribosom yana cijewa a wurin yana jiran tubalin da bai zo ba. Sashe na biyu ya zama a sake, ya riga na huɗu kama na uku, ƙullin tsayawa bai samu ba, magatakarda ya wuce ya kwafi duka biyar ɗin. Wannan mataki yana ƙara ragi kamar sau goma a kan na sakata. Jerin da ke ƙera histidin, wani amino asid ɗin, haka yake aiki, sai dai shi wurare bakwai a jere ne ke neman tubalin.

Na fi ganin hikima a wannan fiye da na laktos, domin abin da ake aunawa shi ne ainihin abin da ake damuwa da shi: ko maƙera tana samun tubali ko ba ta samu.

Akwai wasu hanyoyin da yawa. In yunwar amino asid ta game ko'ina, ribosom ɗin da ya cije yakan tayar da wani enzayim, RelA, ya ƙera sinadarin ppGpp, wanda Michael Cashel da Jonathan Gallant suka gano a 1969. Shi wannan magatakarda kansa yake kamawa, ya sa a daina ƙera sababbin ribosom, a karkata ga abin da zai tsirar da rai. Ƙarancin fosfet kuma wani furotin da ke jikin bango ne ke jin sa, ya miƙa saƙo ga abokinsa na ciki. A 2002 aka tabbatar cewa wasu takardun aike ma da kansu suke kama bitamin ko wani sinadari su naɗe kansu, ba tare da wani furotin ya shiga tsakani ba.

Ilimin nan bai tsaya a Paris ba. A 1978, lokacin da masu bincike a Kalifoniya suka fara sa E. coli ta ƙera insulin irin na ɗan Adam, a jikin lacZ suka liƙa umarnin, suka bar mashigar lac ta ja shi. Insulin da aka samu ta hanyar bakteriya ya shiga kasuwa a 1982. Akwai kuma wata shaida daga ɓangaren madara: Lactobacillus bulgaricus, wadda ake haɗa yogot da ita, ta daɗe ba ta san wani gida ba sai madara, kuma sakatar laktos ɗinta ta lalace. Kullum ƙofarta a buɗe take, domin inda laktos ba ya yankewa, kullewar ba ta da riba.

Na ƙarshen da zan kawo ya fi kusa da mu, kuma ba mai daɗi ba ne. Ƙarfe abinci ne ga kusan kowace bakteriya, jikin mutum kuwa ɓoye nasa yake yi, ya ɗaure shi a jikin furotin yadda baƙo ba zai samu ba. Saboda haka bakteriya da yawa suna ɗaukar ƙarancin ƙarfe a matsayin alamar cewa sun shiga jikin wani. Bakteriyar mashaƙo, cutar da ta ɓarke a Kano da wasu jihohin Arewa tun daga ƙarshen 2022 ta kuma ci rayukan yara da yawa, tana da sakata mai suna DtxR. In ƙarfe ya wadata, yakan shiga aljihun sakatar ta kama zare, ta rufe umarnin kayan farautar ƙarfe, tare da su kuma ta rufe umarnin dafin cutar. A maƙogwaron yaro ƙarfe ya yi ƙaranci, sakatar ta saki, dafin ya fara fita. Shi ne ke kashe naman maƙogwaro har a ga wannan farar fata mai toshe numfashi, shi ne kuma ke bin jini ya taɓa zuciya. Tun a shekarun 1930 masu haɗa rigakafi suka lura cewa sai an rage ƙarfe a ruwan da ake kiwon bakteriyar sannan take ba da dafi mai yawa, shekaru da dama kafin a san da wata sakata. Dafin da aka tara ta wannan hanya ake kashe wa kaifi da sinadarin fomalin, kuma shi ne ke cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a sati na 6 da na 10 da na 14.